Gishiri a Ɗakin Ya Fanna

Mu'mina, mai aikin gidan, ita ta fara ganinta. Ta shiga ɗakin haɗa turare da kwanon abincin rana, ta tarar da Ya Fanna zaune a 'yar kujerarta, ta jingina da bango, idanunta a buɗe suna kallon ƙofa. Hannunta na dama yana kan cinya, tafin a sama, kamar mai jiran a ba ta wani abu. Kaskon da ke gefenta bai gama hucewa ba. Mu'mina ta yi sallama, ta sake yi, sannan kwanon ya suɓuce mata.

Bayan la'asar aka kai Ya Fanna makwancinta, kuma kafin masu jana'iza su dawo unguwar Abbaganaram ta gama yanke hukunci. Matar da aka ji muryarta da safe tana faɗa da mai ruwa, ba jini, ba rauni, ba kumfa a baki, ai wannan kamun maita ne. Ba a sha wahalar neman mayya ba. Ga baƙuwa a gida, Mu'mina, wadda ta baro Zabarmari bayan an kashe mijinta a gonar shinkafa, ba ta dariya, kuma tana magana ita kaɗai in tana dakan itacen sandal na turare. Babagana, babban ɗan marigayiyar, ya tsaya a ƙofar gida ya rantse cewa in aka watse sadakar uku matar tana unguwar, shi ya san abin da zai yi. Samari suka fara zama a bakin layi.

Shi ya sa Bulama, mai unguwar, ya aika a kira Ba'ana.

Ba'ana tsohon maharbi ne. A shekarun tashin hankali shi ake sawa gaba in za a shiga daji neman waɗanda aka sace. Ya samo wasu da ransu, ya samo da yawa ba rai, tun daga nan ya rataye bindigarsa ya daina cin nama. Ya saurari Bulama har ƙarshe.

"Ni ba na ganin maye," in ji shi. "Abin da ya taka ƙasa kaɗai nake gani."

"Shi nake so ka duba, kafin yaran nan su ɗauki alhakin da ya fi ƙarfinsu."

*

Da safe aka buɗe masa ɗakin. Ƙamshi ya tare shi tun daga bakin ƙofa, na sandal da hawi da farcen dodon koɗi, ƙamshin mai ɗakin da ya ƙi bin ta kabari. A bango har yanzu akwai layin da ambaliya ta bari, ya kai kafaɗar mutum, an shafa fenti amma ya sake fitowa.

Masu ɗaukar gawa sun tattake wajen ƙofa. Can ciki kuwa garin sandal ya kwanta a kan siminti, lallausa, ya riƙe duk abin da ya taɓa shi. Ba'ana ya durƙusa ya daɗe yana duba garin.

Bulama, daga bakin ƙofa, ya ce, "Ko maciji ne? Tun bayan ruwan nan suke fitowa."

"Da ya ja ciki a nan da na gani. Ko ƙadangare bai wuce ba."

Abin da ya gani shi ne wurin zaman mutum biyu. Kujerar Ya Fanna, da wata a gabanta, kusa ƙwarai, gwiwa da gwiwa. Mai kujera ta biyu ta daɗe a zaune, ta tanƙwashe ƙafa ɗaya ta miƙe ɗaya, dunduniyarta ta share garin ta yi ɗan rami. Tsakanin kujerun akwai zagayen gindin kwalba, da ɗige-ɗigen ruwa da suka bushe. Ruwan famfo in ya bushe ba ya barin komai. Waɗannan kowanne ya bar farin baki. Ba'ana ya dangwala da yatsa ya kai harshe.

"Gishiri."

"Ana sa gishiri a turare?"

"Shi zan tambaya."

*

Ammatullahi, autar marigayiyar, tana ɗakin uwarta cikin mata masu zaman makoki. Kanta na bisa cinyar wata dattijuwa da ke shafa mata baya. Dattijuwar ita ce Ya Zainaba, maƙwabciya kuma aminiyar Ya Fanna tun suna amare. Ita ta shayar da Ammatullahi lokacin da uwar ta kwanta ciwo bayan haihuwa, har yau yarinyar Yaani take ce mata, kamar yadda take kiran mahaifiyarta.

Ammatullahi ta fito zaure ta durƙusa. Ta ce ba a sa gishiri a turare, ko ruwa ma uwarta ba ta yarda a shiga da shi ɗakin ba.

"Kin ga wani abu a jikinta?"

Ta buɗe tafin hannunta ta nuna gindin babban yatsa. "Nan, Baba. Da ake mata wanka na riƙe hannunta. Wani ɗan ɗigo kamar sukar allura, gefensa ya yi shuɗi. Na ɗauka tartsatsin garwashi ne."

"Tana da wani ciwo?"

"Asma. Hayaƙi ya cinye mata ƙirji. Amma ta kwana biyu bai tashi ba."

Ya Zainaba ta fito daga baya, tana dafa bango saboda ciwon gwiwa. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafar hagu. Ta ce jiya ba ta shigo gidan ba sai da ta ji kuka. Ba'ana ya tambaye ta ko ta san abin da zai kawo ruwan gishiri ɗakin. Ta girgiza kai.

"Ni dai na yi rashin 'yar'uwa, Ba'ana. Abin da na sani ke nan."

Mu'mina kuma a ɗakin ajiyar gawayi ya same ta, inda Bulama ya sa aka ɓoye ta. Ta ce ta share ɗakin turare tas da sassafe, kamar kullum, sannan Ya Fanna ta aike ta kasuwa sayen gawayi.

"In kin shiga wurinta, a ina kike zama?"

Ta dube shi da mamaki. "A ƙasa mana. Ni a wa zan hau kujera a gabanta?"

"Me kike cewa in kina daka? Mutane sun ce kina magana."

"Da mijina nake yi," ta ce. "Ina gaya masa yadda na wuni."

Da zai fita, Babagana ya tare shi a ƙofa. Ya ce in ba mayyar ba ce, to a duba Cyprian mai madarar turare a Kasuwar Litinin. Kwanan baya Ya Fanna ta tsaya a gaban shagonsa ta ce masa yana sirka kaya, a gaban mutane, har aka taru.

*

A Maiduguri aka haifi Cyprian, Hausarsa da Kanurinsa ba su da gyara. Ya ba Ba'ana kujera, ya ce lallai sun yi cacar baki da Ya Fanna, amma sun shirya tun a satin, ita ce ma ta aiko masa da dambun kifi. Yana magana yana gyara kwalabe.

Ba'ana ba kwalaben yake kallo ba. A ƙarƙashin labulen da ya raba shagon da ɗakin baya, siminti ya yi fari-fari, irin farin da ya ɗanɗana da safe. Daga ciki ana jin wani abu yana ɓulɓula.

"Me ke bayan labulen nan?"

Cyprian ya ajiye kwalbar. Ya leƙa waje, sannan ya ɗaga labulen.

Akwatin gilashi ne cike da ruwa, da farin yashi da duwatsu masu ramuka, da ƙananan kifaye masu launin da Ba'ana bai taɓa gani a madatsar Alau ko Tafkin Chadi ba. Cyprian ya ce abin sha'awarsa ne kawai. Ɗan'uwansa da ke harkar a Legas yake aiko masa da kifin da duwatsun, shi kuma yana haɗa ruwan da gishirin teku.

"Baba, zan gaya maka wani abu, amma ka san yadda garin nan yake. In aka ce daga shagona abin ya fito, ba wanda zai tsaya jin sauran."

"Ina jinka."

Ya ɗauko wani ƙwanson dodon koɗi daga kan kanta ya ɗora a tafin Ba'ana. Bai kai tsawon babban yatsa ba, mai faɗin kai da tsinin ƙasa, sumul, da zane fari da ruwan ƙasa kamar an saƙa shi.

"Wannan fanko ne, mai shi ya mutu. Su biyu suka zo, a maƙale cikin dutse, ban sani ba sai da kifina suka fara ɓacewa. Wata rana na gani da idona. Ya binne kansa a yashi, ya miƙo wani abu siriri kamar zare. Kifi ya zo wucewa, ya harbe shi. Kifin ya sandare nan take, yana kallo aka haɗiye shi da rai. Na kira ɗan'uwana, ya ce kada in kuskura in taɓa shi da hannu. Ya ce dafinsa na kashe jiki, ya hau har ƙirji. Mai ƙarfi yakan tashi, amma tsoho ko mai ciwon numfashi sai wani ikon Allah. Sai na ware mai ran a kwalba."

"Ina kwalbar?"

"An ɗauke."

Ya ce wata mata mai niƙabi ta zo sayen madara, ta ji ƙarar ruwa ta nemi ta gani. Shi kuma da son ba da labarin kifinsa, ya zayyana mata komai. Ta yi ta tambaya. Ta dawo bayan kwana biyu, ta aike shi sito ya ɗauko mata kaya, kafin ya dawo ba ita ba kwalba. Da ya ji yadda aka samu Ya Fanna, ya kasa cin abinci.

"Ba ka gane ta ba?"

"Fuska a rufe, murya ƙasa-ƙasa. Amma hancina sana'ata ne. Humrar da ta shafa a jikinta haɗin Ya Fanna ce, wadda ba ta sayarwa, sai 'yan gida take ba."

"Zama ta yi ko tsayuwa?"

Cyprian ya yi tunani. "Ta zauna a bencin nan. Har na kusa tuntuɓe da ƙafarta, ta miƙe ta a hanya."

Ba'ana ya juya ƙwanson a hannunsa. Sanyi gare shi, kuma kyakkyawa ne, irin abin da kowa zai so ya riƙe.

"Ara min wannan. Kuma gobe ka zo sadakar uku."

"Baba, za su kashe ni."

"Kusa da ni za ka zauna."

*

Bayan an shafa addu'a jama'a sun ragu, Bulama ya tara su a zaure: Babagana, Ammatullahi, Ya Zainaba, Cyprian, da Mu'mina da aka shigo da ita ta ƙofar baya. Samari na waje, ana jin gunaguninsu.

Ba'ana ya zauna da ƙaramar kwalba a gabansa, an rufe ta da ƙyalle. Ya ce ba maita ba ce ta kashe Ya Fanna, kuma ba maciji ba ne. Ya ce wata ta shiga ɗakin bayan Mu'mina ta share, ta zauna a kujera gwiwa da gwiwa da marigayiyar, ta zo mata da wani abu a cikin ruwan gishiri. Bai faɗi ko mene ne ba.

Babagana ya nuna Mu'mina. "To ai ga ta nan."

"Mu'mina a ƙasa take zama. Kuma mai gawayi ya shaida tana wurinsa."

Ya yaye ƙyallen. A gindin kwalbar, cikin ruwa, ga ɗan dodon koɗin kwance. Ya ce a wani wuri ya samo shi, yana so a gaya masa ko wani ya taɓa ganin irinsa a gidan. Babagana ya leƙa ya taɓe baki. Mu'mina ta ce ba ta sani ba. Ya Zainaba ta ce ita idonta ba ya gani sosai, amma ba ta taɓa ganin abu haka ba.

"Ammatullahi, ke kika fi sanin kayan uwarki. Ciro shi ki duba da kyau."

Yarinyar ta matso. Ta karkata kwalbar, abin ya gangaro tafin hannunta, ta fara rufe yatsu a kansa.

Ba wanda ya taɓa ganin Ya Zainaba ta yi sauri haka. Ta yunƙura da gwiwar da ba ta tanƙwasuwa, ta doke hannun yarinyar, ƙwanson ya yi tsalle ya bugi bango. Ta kama tafin tana jujjuya shi, tana murza gindin babban yatsa.

"Ya sare ki? Gaya min, kin ji zafi? Ku kawo igiya a ɗaure hannun."

Ba'ana ya miƙa hannu ya ɗauko ƙwanson, ya juya bakinsa sama don kowa ya gani.

"Fanko ne, Zainaba. Ba komai a ciki."

Ta daɗe riƙe da hannun Ammatullahi. Yarinyar ce ta janye shi a hankali.

"Yaani," ta ce, "ya aka yi kika san yana sara?"

Ya Zainaba ta koma ta zauna, ta miƙe ƙafarta, ta gyara mayafi. Sannan ta fara magana.

"Kun san Mikail ɗina. Ke kina ƙarama lokacin, amma Babagana ya sani, tare suka tashi. Shekarar da ake zuwa da mota ana kwashe samarin da ake zargi, aka shigo layin nan aka tafi da shi. Ko takalmi babu a ƙafarsa. Ba inda ban je ba. Uwarku ce take raka ni, ita ke riƙe min jaka, ita ke share min hawaye."

Ta juya wajen Babagana.

"Ranar ambaliya mu biyu muka maƙale a kan rufin gidan nan, ruwa yana ta hawa. Ta ɗauka mutuwa ce ta zo. Sai ta kama ƙafata ta ce in yafe mata. Ta ce ranar da motar ta zo, kai suka zo nema. Kai aka gani da mutanen daji. Ta tare su a ƙofa ta ce sun yi kuskuren gida, yaron da suke nema na maƙwabta ne. Ta nuna musu ƙofata."

Babagana ya sunkuyar da kai.

"Na ce na yafe, don ni ma na ɗauka mutuwa za mu yi. Sai ga kwalekwale. Muka sauka, muka ci gaba da zama. Kullum in shigo in gan ka kana cin abinci, ka yi aure, ka yi 'ya'ya. Ita kuma ta samu sauƙi, ta sauke kayanta a kaina, har ƙiba ta yi. Na yi azumi, na yi addu'a Allah Ya cire min abin. Bai fita ba."

"Yaya kika sa ta riƙe shi?" in ji Bulama.

"Shekara da shekaru tana ƙona farce, kullum tana cewa tana son ta ga dodon koɗin da ake cire farcen daga jikinsa, da ransa. Na ce mata ga irinsa na samo. Ta yi murna kamar yarinya. Ta ɗora shi a hannu tana cewa dubi zanen Ubangiji. Sai ta ce ya cije ta, ta yi dariya. Can ta ce hannunta ya mutu. Can ta ce leɓenta." Ta dubi tafin hannunta. "Ban tafi ba. Na zauna da ita har ƙarshe. Da magana ta gagare ta, ta dube ni, na ga ta gane. Ba ta yi ƙoƙarin kiran kowa ba."

Ta ce dodon ta zuba shi a kogin Ngadda, ruwan daɗi ya kashe shi. Sannan ta dubi Mu'mina.

"Ke kuma ban yi zaton za su ɗora miki ba. Da na ji, na yi shiru. Wannan ma yana kaina."

Mu'mina ta kawar da kai. Ammatullahi ta tashi ta shige cikin gida, daga can aka ji kukanta, siriri, ba tsayawa.

Bulama ya fita ya sallami samarin, ya aika a kira 'yan sanda. Babagana na nan inda yake, kansa a ƙasa, har aka zo. Da aka ɗaga Ya Zainaba, ta tsaya a gaban Ba'ana.

"Daga ɗigon ruwa ka gano ni," ta ce. "To ka nemo min inda aka sa ɗana. Ba na neman kowa da laifi kuma. Wurin kawai nake so in sani."

"Shekarun da yawa, Zainaba. Ƙasa ta rufe."

"Na sani. Ka duba dai."

*

Mu'mina ba ta ƙara kwana a Abbaganaram ba, duk da matan layin sun zo ba ta haƙuri. Ta koma Zabarmari wurin dangin mijinta. Cyprian ya kwashe kifinsa ya mayar wa ɗan'uwansa, akwatin gilashin yanzu kwalabe ne a ciki. Babagana ya daina zama a ƙofar gida, an ce ko masallacin layin ya bar zuwa. Ɗakin turare kuwa Ammatullahi ta sa masa kwaɗo, amma masu wucewa sun ce har yanzu in rana ta take ana jin ƙamshin ta taga.

Ba'ana ya fara da direban da ya taɓa tuƙa irin motocin da ake kwashe samari da su. Direban ya tura shi wurin wani mai haƙar kabari, shi kuma ya kwatanta masa wani fili a bayan gari, inda yanzu an yanka fulotai an fara gini. Ya yi ta zagaya filin yana duba inda ciyawa ta fi tsawo, da inda ƙasa ta lotsa. Wuraren suna da yawa.

Duk ranar ziyara yakan je gidan yari. A fito da Ya Zainaba, ta zauna a benci ta miƙe ƙafa, shi kuma ya gaya mata inda ya je da wanda ya gani. Ba ta katse shi. In ya gama sai ta tambaye shi ko akwai inuwa a wurin, ko akwai bishiya kusa. Ya gaya mata gaskiya. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah Ya kai mu wani satin.